Ɗan Ƙasa da Baƙo: Darasi daga Abule Egba da Agege

Karatu: Farawa 23, Littafin Firistoci 19:33-34, 1 Sarakuna 21:1-19, Irmiya 29:4-7, Ayyukan Manzanni 6:1-7

Manufa: Iyali su gane cewa ɗan ƙasa yana da hakki, baƙo ma yana da nasa, su kuma koyi auna biyun da mudu ɗaya, ko suna zaune a gida ko a baƙunci.

Gabatarwa

Wanda ya sauka daga mota a ƙarƙashin gadar Abule Egba, a kan babbar hanyar da ta tashi daga Legas ta nufi Abeokuta, kafin ya yi taku ɗari zai ji harsuna uku ko huɗu. Kwandasta yana kiran fasinja da Yarbanci, mai gwanjo a kasuwar Katangua yana ciniki da harshen Ibo, mai shayi da mai tsire suna hira da Hausa. Gaba kaɗan ga mayankar Oko-Oba, inda ake sauke shanun da suka kwana a hanya daga kasuwannin Arewa. Bayanta kuma ga Agege, inda Hausawa suka yi sama da shekara ɗari suna zaune, da sarkinsu da zangonsu.

A cikin wannan taro akwai masu bi daga Arewa: Bajju, Tangale, Bura, Ngas, Berom, Kilba, mutanen Zuru da Hausawa kansu. Waɗansu sojoji ne da 'yan sanda, waɗansu masu gadi, direbobi, malamai da 'yan kasuwa. Ran Lahadi sukan yi sujada da Hausa, ran Litinin kuwa a bakin titi duk sunansu ɗaya ne, wato "aboki". Kalmar zumunci ce a Hausa, amma a Legas sau da yawa da raini ake faɗinta. Waɗannan iyalai baƙi ne a nan, a garuruwansu kuma su ne 'yan ƙasa. Saboda haka ba wanda ya fi su dacewa da yin nazari a kan tambayar da ta ci rayuka da yawa a Nijeriya: wane ne mai gari, kuma mene ne rabon baƙo a cikinsa?

1. Wa ya riga wa zuwa?

Sunan wurin kansa darasi ne. A Yarbanci "abule" ƙauye ke nan, Egba kuwa su ne mutanen Abeokuta, garin da aka kafa wajen 1830. Abule Egba, ashe, ƙauyen waɗansu baƙi ne da suka zo suka yi gona. Waɗanda suka tarar su ne Awori, reshen Yarbawa da ya fara zama a Isheri, Ota, Agege da tsibirin Legas. A tsibirin ma sarauta tana da alaƙa da daular Benin. Daga baya 'yantattun bayi suka dawo daga Saliyo da Brazil, suka kafa unguwanninsu.

Hausawa sun shigo ta hanyoyi uku. Waɗansu bauta ce ta kawo su bakin teku. Waɗansu aikin soja: a 1863 John Glover ya kafa wata ƙaramar runduna daga Hausawan Legas, yawancinsu bayin da suka tsere ko aka 'yanta, kuma daga ita ce sojan Nijeriya yake lissafin asalinsa. Na uku, kuma mafi yawa, fatauci ne. A dā fatake sukan yi watanni a ƙasa zuwa Gwanja neman goro. Da jirgin ƙasa ya kai Ibadan a 1901, ya kuma haɗa Legas da Kano zuwa 1912, ga shi an fara noman goro a Agege, Ota da Sagamu, sai fatake suka yada zango kusa da tashar Agege. Shanu su gangaro, goro ya hau. Jikokin waɗannan fatake suna nan har yau, da yawansu sun fi iya Yarbanci da Hausa.

Wannan tarihi bai soke hakkin Awori ba. Su ne aka tarar, ƙasar kakanninsu ce, kaburburansu da sarautunsu suna cikinta. Abin da yake nunawa shi ne, kusan kowane ɗan gari yana da kakan da ya taɓa zama baƙo, kuma garin bai bunƙasa ba sai da hannun biyun.

2. Abin da mulkin mallaka ya yi wa 'yan ƙasa

A watan Disamba na 1851 jiragen yaƙin Ingila suka yi wa Legas ruwan wuta, suka kori Sarki Kosoko, suka ɗora Akitoye. Bayan shekara goma, ran 6 ga Agusta 1861, aka sa ɗansa Dosunmu ya sa hannu a takardar miƙa garin ga Sarauniyar Ingila. Daga nan gwamnati ta riƙa ɗaukan ƙasa kamar tata ce.

A 1913 aka karɓe wani babban fili a Apapa. Mai riƙe da shi a madadin jama'arsa shi ne Amodu Tijani, mai sarautar Oluwa, ɗaya daga cikin sarakunan ƙasa na Legas. Kotunan Legas suka ce ba shi da mallaka, ikon karɓan gaisuwa kawai gare shi, don haka ba a bin gwamnati kuɗin filin. Bai haƙura ba. Ya tafi Landan tare da Herbert Macaulay, ya ɗaukaka ƙara. A 1921 babbar kotun daular Ingila ta yanke cewa miƙa sarauta bai kashe hakkin jama'a a kan ƙasarsu ba, kuma mallakar da dangi suke yi tare mallaka ce ta ainihi. Aka biya shi fam 22,500. Hukuncin ya yi tafiya mai nisa: a 1992, sa'ad da babbar kotun Ostareliya ta amince da hakkin 'yan asalin ƙasar a shari'ar Mabo, ta kafa hujja da shari'ar wannan basarake na Legas.

Bayan ƙasa sai wariya. An keɓe Ikoyi domin Turawa. Dokar birane ta 1917, a zamanin Lugga, ta bukaci a bar fili na yadi 440 babu gini tsakanin unguwar Turawa da ta baƙar fata, wai don gudun zazzaɓi. Asibiti dabam, kulob dabam. A 1947 otal ɗin Bristol ya hana Ivor Cummings ɗaki saboda launin fatarsa, alhali babban ma'aikaci ne daga ofishin mulkin mallaka na Landan. Mutanen Legas suka tashi tsaye, har Gwamna Arthur Richards ya ba da sanarwar hana wariya a wuraren jama'a.

Ikkilisiya ma ba ta kuɓuta ba, kuma bai kamata a ɓoye wa yara wannan ba. Samuel Ajayi Crowther, yaron da aka ƙwato daga jirgin bayi, an keɓe shi bishop a 1864. A 1890 waɗansu samarin mishan Turawa suka ci mutuncinsa a taro a Onitsha, suka dakatar da fastocinsa. Ya rasu a Legas a ƙarshen 1891, aka maye gurbinsa da Bature. Sai a 2014 Babban Bishop na Canterbury, Justin Welby, ya nemi gafara a fili saboda abin da aka yi masa. Irin wannan raini ne ya sa waɗansu masu bi suka fice daga majami'ar Breadfruit a 1901 suka kafa ikkilisiyar da suka kira ta Afirka. Jagoransu, Jacob Kehinde Coker, manomin koko ne a Ifako, maƙwabciyar Abule Egba, kuma leburorin da suka zo gonakin yankin daga nesa sun koma garuruwansu da bishara.

3. Yadda aka gina katanga tsakanin baƙo da ɗan gari

Zango da masauki sun girmi Bature. A ƙasar Hausa da ta Yarbawa an san fatoma da mai gida, an kuma san baƙon da ya daɗe ya yi aure, 'ya'yansa suka zama 'yan gari. Unguwanni kamar Ayagi a cikin birnin Kano shaida ce: asalin mutanenta Yarbawa ne, yau Kanawa ne. Abin da mulkin mallaka ya yi shi ne, ya mai da wannan al'ada mai sassauci ta zama doka mai tsauri. Wajen 1913 aka kafa Sabon Gari a bayan ganuwar Kano domin mutanen Kudu. A 1916 aka tattara Hausawan Ibadan a unguwar Sabo. Kowane mutum aka rubuta shi a ƙarƙashin wata En'e, da kotunsa da harajinsa bisa ga asalinsa. Ga kuma dabarar bugun wani da hannun wani: sojojin da aka ɗauka daga Hausawa an kai su yaƙin Ijebu a 1892, a 1903 kuma rundunar da ta ci Kano da Sakkwato cike take da 'yan Afirka, har da Hausawa da Yarbawa.

Bature ya tafi a 1960, amma katangar ta zauna. Kundin tsarin mulki na 1999 yana magana da baki biyu. Sashe na 41 ya ba kowane ɗan Nijeriya izinin zama ko'ina, sashe na 42 ya hana nuna masa bambanci saboda ƙabila, addini ko wurin asali, sashe na 43 ya ba shi damar mallakar fili ko gida a kowace jiha. Amma sashe na 147 ya ce a naɗa minista daga kowace jiha wanda yake ɗan asalinta, kuma tsarin rabon muƙamai tsakanin jihohi ya dogara ga asalin iyaye da kakanni. Niyyar mai kyau ce, wato kada manyan ƙabilu su cinye rabon ƙanana. Sai dai ta haifi takardar shaidar ɗan ƙasa, wadda ƙaramar hukuma take bayarwa ko ta hana.

A ɗauki misalin yarinyar da aka haifa a Agege, aka haifi ubanta a Agege. In ta zo neman gurbin makarantar tarayya, aikin gwamnati ko shiga 'yan sanda, za a tambaye ta wannan takarda. A Legas a ce ta koma jiharsu. A jihar kakanta kuwa a ce ba a san gidansu ba. Iyayenta sun biya haraji shekara da shekaru a wuri guda, rabonta kuma yana wani wurin da ba ta taɓa kwana ba.

4. Ranakun baƙin ciki

Inda aka raba mutane haka, ƙaramar gardama takan zama gobara. A watan Yuli na 1999, a Sagamu, aka kashe wata Bahaushiya bisa zargin ta fito da dare lokacin bikin Oro, wanda aka hana mata gani. Faɗa ya ɓarke, mutane da dama suka mutu. Da aka kai gawawwaki da labari Kano, sai aka far wa Yarbawan da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. A watan Nuwamba na wannan shekara rikicin shugabancin kasuwar Mile 12 a Ketu ya ci rayuka masu yawa. A Oktoba 2000 aka sake gwabzawa a Ajegunle da waɗansu unguwanni tsakanin 'yan ƙungiyar OPC da 'yan Arewa.

Ran 27 ga Janairu 2002 rumbun makamai na barikin Ikeja ya fashe. Sama da mutum dubu suka mutu, yawancinsu a magudanar Oke-Afa, inda suka faɗa garin gudu, ba a ware ƙabila ba. Ba a cika mako guda ba, a farkon Fabrairu, sai ga Yarbawa da Hausawa suna kashe juna a Idi-Araba, daga wata 'yar gardama tsakanin mutane kaɗan. A Maris 2016 Mile 12 ta sake kamawa, har gwamnati ta rufe kasuwar na wani lokaci.

Abubuwa biyu suka maimaitu a duk waɗannan. Na fari, laifin mutum ɗaya aka ɗora wa ƙabila duka. Na biyu, talaka ne ya biya. Mai sara ba ya tambayar wane ne Musulmi, wane ne Kirista, wane ne Bahaushe, wane ne Bura. Yakan dubi fuska da tufafi kawai.

Kada kuma a ɗauka ɗan ƙasa ya ci riba. A Yuli 1990 gwamnatin soja ta Raji Rasaki ta rushe Maroko, aka kori mutum wajen 300,000, filin ya koma hannun masu hali. Tsakanin 2016 da 2017 aka tarwatsa Otodo Gbame, ƙauyen masunta Egun da suka daɗe a bakin ruwan Legas. Awori da yawa sun wayi gari gonakin kakanninsu sun zama gidajen waɗansu. Sa'ad da irin wannan mutum ya ji ana cewa Legas ba ta kowa ba ce, kamar yadda aka yi ta faɗa a zaɓen 2023, zafin da yake ji na gaske ne.

5. Madubi a gida

Hausawa suka ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Mutumin da ya ji ciwon "aboki" a Legas, ya kamata ya tuna da sunayen da ake kiran waɗansu da su a Arewa: "arna", "Inyamiri", "'yan cirani" in an faɗa da raini. Rikicin Zangon Kataf na 1992 ya tashi ne a kan kasuwa da ƙasa da tsohon ƙorafin mulki. Rikicin Jos na 1994, 2001, 2008 da 2010 yana da tushe a tambayar wa ya cancanci takardar ɗan ƙasa da kujerar ƙaramar hukuma. A can, da yawa daga masu bi su ne 'yan ƙasa, waɗansu kuma su ne ake kira baƙi ko da kakanninsu sun yi shekara ɗari a wurin. A waɗansu jihohin Arewa mai nisa kuwa, Hausawa Kirista, 'yan asali gaba da baya, sun daɗe suna kukan wahalar samun filin majami'a da adalci wajen ɗaukan aiki.

Ke nan iyali ɗaya yana iya zama wanda aka ware a Agege, ya zama mai warewa a ƙauyensu. Gwajin gaskiya shi ne: hakkin da mutum yake nema wa ɗansa a Legas, ya yarda a ba ɗan wani a garinsu? Girman da yake so baƙo ya ba sarkin ƙauyensu, yana ba sarkin Awori irinsa?

Abin ba gagara ya yi ba. A shekarun 1950 mutanen Enugu sun zaɓi Malam Umaru Altine, Bafulatani mai fataucin shanu daga lardin Sakkwato, ya zama magajin garinsu na fari. Daga 2007 zuwa 2015 Ben Akabueze, ɗan ƙabilar Ibo, shi ne kwamishinan kasafin kuɗi na Jihar Legas.

6. Abin da Nassi ya koyar

Littafi Mai Tsarki bai ɗauki gefe ɗaya ba. Labarin Nabot yana tsaya wa ɗan ƙasa. Sarki Ahab ya yi tayin kuɗi da musaya, Nabot ya ƙi domin gonar gādo ce. Aka ƙulla masa sharri aka kashe shi, Allah kuwa ya aiko Iliya da hukunci. Iko da takarda mai hatimi ba su halatta ƙwace ba, ko a Yezreyel ko a Apapa.

Littafin Firistoci kuma yana tsaya wa baƙo. An umarci Isra'ilawa kada su cuce shi, su riƙe shi kamar haifaffen gida, dalilin kuwa shi ne su ma sun ɗanɗani baƙunci a Masar. Tunawa da wahalar da mutum ya sha ita ce aka sa ta zama linzaminsa ranar da ya sami iko.

Ibrahim ya nuna halin baƙo nagari. Da Saratu ta rasu, ya je gaban Hittiyawa da ladabi, bai ƙwace ba ko da yake an yi masa alkawarin ƙasar. Efron ya ce ya ba shi kyauta, ya ƙi, ya auna shekel 400 na azurfa a gaban shaidu a ƙofar gari. Irmiya kuma ya rubuta wa bayin da ke Babila su gina gidaje, su yi shuka, su nemi alherin birnin da suke ciki, gama zaman lafiyarsu a ɗaure yake da nasa.

Ikkilisiyar fari ma ta yi tuntuɓe. Masu jin Helenanci suka yi gunaguni cewa ana tsallake gwaurayensu wajen rabon abinci. Manzanni ba su musa ba, ba su kuma ce a yi shiru don kada a ji kunya ba. Suka sa aka zaɓi mutum bakwai, dukansu masu sunayen Helenanci, ɗayansu ma baƙo ne daga Antakiya. An danƙa rabon a hannun waɗanda suka yi kuka.

7. Aiki domin iyali

Gyara yakan fara daga bakin murhu. Iyaye su lura da sunayen da suke kiran waɗansu ƙabilu a gaban yara, gama yaro ba ya ƙirƙiro raini, ji yake yi. Mazauna Legas su koyi gaisuwar Yarbanci, su san sarkin unguwa da dattawanta, su shiga ƙungiyar masu gidaje da 'yan haya, su yi rajistar zaɓe a inda suke zaune. In an sanar da daren Oro, mai bi ba ya shiga bikin, amma ba ya tsokana. Mai sayen fili ya bi sawun Ibrahim: ya nemi masu shi na gaskiya, ya biya a gaban shaidu, ya karɓi takarda. In masu ƙwace da sunan "omo onile" suka taso masa, akwai dokar kare dukiya da Jihar Legas ta kafa a 2016.

Waɗanda suke gida kuma su dubi baƙon da ke cikinsu. Mai riƙe da biro a ƙaramar hukuma, makaranta ko asibiti, kada ya sa sunan mutum ya zama hukuncinsa. In labarin kisa ya zo ta waya daga Kudu ko Arewa, a bincika kafin a tura, a kuma tsaya wa maƙwabcin da ba ruwansa. A majami'a, a duba ko kujerun dattawa sun zama gādon ƙabila ɗaya.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Daga ina kakannin wannan iyali suka zo, wa kuma suka tarar?
2. Mene ne bambanci tsakanin kare gādo kamar Nabot da hana baƙo hakkinsa?
3. Yaron da aka haifa a gari, iyayensa suka biya haraji a can shekara talatin, wane rabo ya cancanta?
4. Waɗanne sunaye na raini ake ji a gida ko a majami'a, yaya kuma za a daina su?
5. Su wane ne ake tsallakewa wajen rabo a ikkilisiyar wannan gari?

Abin addu'a: A tuna da iyalan da suka rasa 'yan'uwa a Sagamu, Kano, Mile 12, Idi-Araba, Zangon Kataf da Jos. A roƙa wa sarakuna da shugabannin ƙananan hukumomi hikima da tsoron Allah, a kuma roƙa wa kowane gida zuciyar da za ta yi wa ɗan ƙasa da baƙo adalci iri ɗaya.